Saiwar Mabaki

Wajir, 14 ga Satumba, 1997

Baba Ƙarami Ndirangu,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka, Tata Gathoni. Yaya tarin da na baro ka da shi? Saniya ta haihu kuwa? Ni lafiyata ƙalau, sai dai zafi. Garin nan babu inuwa, ruwan rijiyarsu da ɗanɗanon gishiri, kuma har yanzu cikina bai saba da nonon raƙumi ba. An ba ni ɗaki a bayan asibiti. Mu biyu ne kawai a ɗakin magani, ni da wani dattijo da ya kusa barin aiki, shi ya sa ban samu na rubuto da wuri ba.

Akwai maganar da na taho da ita a raina daga gida. A makon da na yi tare da ku, kullum da safe ina ganin Tata ta tsinko ganyen mabaki daga gindin shinge, ta tafasa a ƙaramar tukunya, ta sha kofi guda, da yamma ta ɗumama sauran ta shanye. Ta ce tun bara take haka saboda gwiwoyinta. Na so in yi magana. Amma ta yanka mini kaza, tana ta kiran maƙwabta su zo su ga 'yarta da ta gama jami'a, sai bakina ya yi nauyi. Tun rasuwar Baba ku biyu kuka riƙe ni, ba na so abu na farko da zan yi da karatun nan ya zama tsawa a madafinta. Kuma ban so in faɗi abin da ban tabbatar ba. Da na iso nan na buɗe littattafaina na duba, na sake dubawa.

Littattafan suna kiransa komfiri. A cikin ganyen akwai wani sinadari da hanta ba ta jurewa. Ba ya kashe mutum a rana ɗaya, ko ciwon ciki ba ya sawa, shi ya sa ba wanda ke zarginsa. A hankali yake toshe ƙananan jijiyoyin jini na cikin hanta, ɓarnar yau ta hau kan ta jiya. Tafasawa ba ta kashe shi. Sabon ganye ya fi tsoho yawansa. Ba duk wanda ya sha ne ke kamuwa ba, wannan gaskiya ne, amma babu likitan da zai iya gaya maka a kofi na nawa hantar mutum za ta gaza. Akwai ƙasashen Turai da suka hana sayar da shi don sha.

Ban ce shukar banza ba ce. Idan an daka ganyen an ɗaura a kan targaɗe ko gwiwa mai ciwo, yana taimakawa, muddin fatar ba ta yanke ba, kuma ba a wuce kamar kwana goma a jere ba. A kan buɗaɗɗen rauni kuwa kada a sa, yana haɗe fata da sauri ya rufe datti a ciki. Ka ci gaba da jiƙa shi a durom kana zuba wa tumatir, ka ci gaba da shimfiɗa shi a ramin dankali. Shan ne kawai matsalar.

Na san za ta ce ai da shi take kirɓa mana mukimo muka girma. Haka ne. Amma ɗan ganye a cikin tukunyar dankali da masara jefi-jefi daban, kofi biyu kowace rana daban. Ko a mukimon ma, ganyen kabewa ya fi kwantar mini da rai.

Don Allah ka sa ta daina shan ganyen nan. Ka lallaɓa ta, kai ka san bakin da take ji.

'Yarku,
Wangechi

Othaya, 12 ga Oktoba, 1997

Uwata Wangechi,

Karɓi gaisuwa daga gida. Muna lafiya, mun gode Allah. Tarin ya ragu. Saniya ta haihu, amma namiji, wato mai shan madara ba mai kawowa ba. Ganyen shayi ya yi kyau bana, bayana ne bai yi ba.

Takardarki ta zo ta akwatin coci, fasto ya miƙo mini bayan sujada. Na karanta wa Tatarki a madafi, tana gyaran wake. Har wajen nonon raƙumi tana dariya. Da na kai kan mabaki sai ta ajiye faifan.

Ta ce, "To! Tsohuwarka ta dawo. Shekara da shekaru tana gaya mini ban iya hura wuta ba, muka binne ta, na ce na huta. Ashe jami'a ta tafi."

Na ce, "Maman yara, saurara dai a gama."

Ta ce, "Na gama ji. Yarinyar da na share wa majina ce za ta koya mini ganye? Da yana kisa, da aladen maƙwabcinmu Kihara ya daɗe da mutuwa, kullum shi yake ci, ga shi nan ƙofar garke ba ta isarsa. Ka rubuta mata, gwiwar nan a jikina take, ba a littafinta ba. Ranar da ban sha ba, wa zai hau gangaren nan da ciyawar saniya a baya? Kai?"

Gaskiyarta, ba ni ba ne.

Washegari ta tafasa abinta a gabana, har ta miƙo mini kofin wai in ɗanɗana dafi.

Ni dai ba na jayayya da ke. Sunan mahaifiyata aka sa miki, kuma kin san yadda abin yake a wurinmu, wadda ta ci sunan tsohuwa ta gaji kujerarta. Ban taɓa mayar wa uwata magana ba tana raye, ba zan fara yanzu da furfura ba. Abin da ya sa Tatarki ke turjewa ke nan ma, ita muryar surukarta take ji. Amma ki duba halin da nake ciki. Tun da sassafe nake cikin gonar shayi da kwando a baya, daga can in wuce wurin awo in bi layi, sai rana ta karkata nake dawowa. Ba zan iya gadin tukunya ba.

Saboda haka na yanke shawara. Abin da babu shi ba a tafasa shi. Ruwa ya fara sauka, ƙasa ta kusa yin laushi. Ranar da za ta tafi taron zumuntar mata, zan ɗauki fartanya in tone mabakin nan gaba ɗaya, in huta, ke ma ki huta. Tumatir ya yi haƙuri da kashin saniya.

Ki riƙa tafasa ruwan da kike sha. Ki rufe kanki in za ki fita rana.

Ɗanki,
Ndirangu

Wajir, 2 ga Nuwamba, 1997

Baba Ƙarami,

Gaisuwa mai yawa gare ku. Na ji daɗin saukar saniya lafiya da sauƙin tarinka. Ina lafiya. Ruwa ake yi a nan irin wanda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. Filin gaban asibiti ya zama tafki.

Don Allah kada ka tone mabakin nan.

Irin wanda muke da shi ba ya yaɗuwa ta iri, ta saiwa yake yaɗuwa. Duk guntun da fartanya ta sare ya zauna a ƙasa, ko bai kai ɗan yatsa ba, sabuwar shuka ce. Saiwar tana nutsewa fiye da tsayin mutum, ba za ka taɓa fitar da ita duka ba. Ka tone gindi biyar, ka tashi da hamsin.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci tun da na karanta takardarka ba. Saiwar ta fi ganyen dafi nesa ba kusa ba. Wasu gwaje-gwajen sun ce ninki goma, wasu sun ce fiye. Ban rubuta haka a takardar farko ba domin ganye na ga tana tafasawa, saiwar kuwa tana ƙarƙashin ƙasa inda ba mai taɓa ta. Ka san Tata. Matar da ke wanke ledar burodi ta shanya a igiya, matar da ba ta zubar da ɓawon dankali, ba za ta ga tulin saiwa a fili ta bar shi ya ruɓe ba.

Idan takardar nan ta same ka ka riga ka tone, ka tattara duka ka ƙone, ka tsaya a wurin har ya zama toka.

Batun aladen Kihara, ka gaya mata cikin ladabi, alade ba ya cika shekara ake yanka shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar hantarsa. Ita shekaru masu yawa muke nema mata.

Na je rumfar tarho in kira gidan fasto, layin ya mutu. Mai gidan waya ya ce motar wasiƙu ta maƙale a hanya, amma ya karɓi takardar, ya ce da zarar an samu mota. Ina ta lissafin ko zan riga fartanyarka isowa.

'Yarku,
Wangechi

Othaya, 7 ga Disamba, 1997

Uwata Wangechi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna nan da rai. Ruwa ya hana mu sakat, gangaren bayan makaranta ya zame ya rufe hanya, itacen girki ba ya bushewa. Ɗan maraƙi yana girma.

Shiru, uwata. Kowace Lahadi ina tsayawa a ƙofar coci, fasto ya girgiza mini kai. Rediyo yana cewa arewa, can inda kike, ta nutse. Tatarki ta ce in bar damuwa, wai kin zama babbar likita, ba kya rubuta wa manoma. Ita ma faɗa kawai take yi, na gan ta tana kusantar da kunne in an ambaci Wajir. In fushi kike yi da abin da ta ce, ai kin san bakinta.

Aikin da na ce zan yi na yi shi. Na sa fartanya mai yatsu na tumɓuke shi kaf. Na sassare ƙananan saiwoyin gunduwa-gunduwa, na baza su a lambun har wajen dankali da kabeji, na juya ƙasa a kai don su ruɓe su zama taki. Ta dawo daga zumunta da shuɗin ɗankwalinta, ta tsaya a bakin shinge ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan mamansa." A makon nan a gidan Kihara na riƙa cin abinci.

Daga baya ta sauko. Manyan saiwoyin da na tara a gefe, baƙaƙe a waje farare a ciki, masu yauƙin nan, ta ce haramun ne a bar su su lalace. Ta wanke, ta yayyanka, ta shanya a ragar saman murhu, ta daka, ta cika gwangwanin mai. Wata 'yar zumuntarsu ta ce mata ai saiwar ma ta fi aiki. Yanzu cokali guda take zubawa a madara mai zafi, safe da yamma. Na ɗauko takardarki na sake karantawa a tsanake. Ganye kika ce, ba ki ambaci saiwa ba. Na ce to, ganye ya tafi, umarnin uwata ya cika, gida kuma ya zauna lafiya.

Ta ce gwiwar ta yi sauƙi. Har ƙiba ta fara, siket ɗin zumunta ba ya zagaye ta, sai da ta ƙara masa ƙyalle. Abin mamaki ba ta wani cin abinci, kuma tana yawan kwanciya da rana, abin da ba halinta ba. Na ce ruwan nan ne ya kashe wa kowa jiki.

Wani abu kuma. Ko'ina a lambun ƙananan ganye suna ɓullowa kamar kunnen zomo, har a tsakanin dankali. Tatarki ta duba ta ce Allah ne ya yi mana shari'a, ita ta ci. Ban san me zan ce mata ba.

Rubuto ko layi biyu ne.

Ɗanki,
Ndirangu

Wajir, 11 ga Janairu, 1998

Baba Ƙarami,

Ina raye, ina lafiya, ba fushi nake ba. Na rubuto maka tun farkon Nuwamba, takardar tana cikin wani buhu a wani wuri. Taka ta Disamba jiya ta iso a jirgin agaji, tare da maganin zazzaɓi. Wannan zan ba wata ma'aikaciyar jinya 'yar Nyeri, can kusa da ku, da za ta bi jirgin gobe, ta yi mini alkawarin kai ta gidan fasto da hannunta.

Ba ƙiba ba ce. Mutumin da ba ya cin abinci ba ya ƙiba. Ina tsoron ruwa ne ke taruwa a cikinta, kuma haka hanta ke yi idan jijiyoyinta sun toshe. Saiwar ta fi ganyen dafi sau goma ko fiye. Ban gan ta da idona ba, saboda haka ba zan rantse mabaki ne ba, akwai wasu cututtukan da ke kumbura ciki. Amma dukansu na asibiti ne, babu na jira a ciki.

Ka fitar da ita hasken rana ka duba farin idonta. Ka danna ƙwaurinta da babban yatsa ka ga ko wurin zai lotsa ya zauna. Ka tambaye ta ko gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, yana mata ciwo. Duk abin da ka gani, ko ba ka ga komai ba, ka kai ta babban asibiti. Ka tafi da gwangwanin ka nuna wa likita, ka gaya masa tun yaushe take shan ganye, tun yaushe ta koma saiwa. Kada ka ji kunya, kada ka rage.

Ndirangu. Ban taɓa kiranka da sunanka tsura ba. Kullum in ka ce mini uwata dariya nake yi. Yau na zauna a kujerar tsohuwa. Ka ajiye kwandon shayi, ganyen ya tsufa a kan itace in ya ga dama. Ka ɗauke gwangwanin daga madafi kafin ka gama karanta wannan. Kada ka nemi zaman lafiya da ita a kan wannan maganar.

Sauran ka karanta mata yadda na rubuta.

Tata, ba surukarki ce ke magana ba. Ban san ta ba ma, ta rasu ina rarrafe. Ni ce, wadda kike cewa ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba. Na ga kina sha na yi shiru saboda kaza, na rubuta rabin magana saboda rabi na gani. Ba ni da wata uwar in ba ke ba, kuma ina wurin da ko mota ba ta fita. Ki zage ni yadda kike so, amma ki zage ni daga cikin motar asibiti.

Wangechi

Othaya, 1 ga Fabrairu, 1998

Uwata Wangechi,

Gaisuwa. Mun gode Allah da jin kina raye. Ni lafiya, sai gajiya. Tatarki tana gida, jiya muka dawo.

Baiwar Allahn nan ta kawo takardar kamar yadda ta ce. Na fitar da Tatarki tsakar gida na ce ta kalli sama. Idonta ya yi kalar ƙwaiduwa. Wata da watanni muna cikin hayaƙin madafi da duhun hadari, ban lura ba. Na danna ƙafarta, yatsana ya bar rami.

Ta ce, "Ka gama taɓa ni kamar mai sayen akuya?"

Na ce asibiti za mu. Ta ce wa zai tatsi saniya. Na ce matar Kihara. Ta ce matar Kihara hannunta kamar na mai sare itace, za ta lalata mata nono. Sai na karanta mata saƙonki. Ta saurara har na kai wajen zagi daga cikin mota. Ta yi dariya, dariyar ta kama mata gefen dama, ta daɗe a dafe da wurin. Sannan ta ce, "Ɗauko mini takalmana." Takalman ba su shiga ba.

Mota ba ta iya shigowa, saboda haka maza huɗu suka ɗauke ta a kujera har bakin kwalta, tana gaya musu ba su iya tafiya ba.

Likitan ya buɗe gwangwanin, ya shinshina, ya yi tambayoyin da kika ce zai yi, na amsa ban rage ba. Sun zuƙe mata ruwa daga ciki da allura, mai yawa, ban iya kallo ba. Sun ɗebi jini. Ya ce hantar ta ji jiki. Ya ce tana iya farfaɗowa, tana iya tsayawa a inda take, ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce abu ɗaya ya tabbata, in ta ƙara sha, kada mu wahalar da masu ɗaukar kujera. An hana ta gishiri. An ce mu riƙa komawa.

Takardarki ta Nuwamba ta iso muna asibiti, ambulan ɗin duk ya jiƙe ya bushe. Na karanta a baranda. Da ma ba ta zo ba.

Yanzu ga inda muke. Lambu babu dankali, babu kabeji, mabaki ne daga shinge zuwa shinge, har ƙofar madafi. Gwangwani na hannun likita, amma sunkuyawa kawai za ta yi ta tsinko ganye. Gwiwar kuma ta dawo da ƙarfinta, da safe sai na ɗaga ta. Ta ce in tambaye ki, tunda kin ƙwace mata nata, me za ki ba ta? Ni ma ina son sani. Dole in koma gonar shayi, kuma har yanzu ba zan iya gadin tukunya ba.

Ɗanki,
Ndirangu

Wajir, 22 ga Fabrairu, 1998

Baba Ƙarami da Tata,

Ina gaishe ku. Na gode Allah da kuka je. Ina lafiya, ko da yake zazzaɓi ya cika garin, dattijon da muke aiki tare ya kwanta, ni kaɗai ce a ɗakin magani. Ba za a sake ni ba sai hanya ta buɗe an kawo wani. Ana cewa Afrilu. Ba zan ce muku tabbas ba.

Baba Ƙarami, kada ka ƙara sa fartanya a lambun. Ka yanke shi dab da ƙasa, ka rufe da tsofaffin kwanon rufi ko baƙar leda mai kauri, ka danne da duwatsu, kada haske ya shiga. Duk wanda ya leƙo ta gefe ka yanke. Zai ɗauki shekara, wataƙila fiye. Ka fara da na ƙofar madafi. Ganyen da ka yanke ka zuba a ramin taki.

Tata, kin yi tambaya, zan ba ki amsa ta gaskiya. Ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa. Ina zaune a tsakiyar kwalabe, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin ciwon gaɓa da ake sayarwa a kanti suna da haɗari ga mai ruwa a ciki, kada ki sha ko ɗaya, ko wa ya kawo miki, sai abin da likitanki ya rubuta. Ɗaura ganyen a gwiwa ma, da na ce ba laifi, yanzu na janye, ba da wannan hantar ba. Abin da ya rage ƙyalle ne da ruwan ɗumi safe da yamma, da sanda, da kujera mai tsayi maimakon 'yar ƙaramar nan ta gaban murhu. Ciyawar saniya kuma ba taki ba ce daga yau. Zai rage ciwon kaɗan. Ba zai kai abin da kike ji mabaki ya yi miki ba.

Ba wanda zai iya tsare ki. Baba Ƙarami yana gona, ni ina nan. Saboda haka ina tambayarki kai tsaye, ki ba ni amsa ko da ba mai daɗi ba ce. Za ki bari?

'Yarku,
Wangechi

Othaya, 15 ga Maris, 1998

Uwata Wangechi,

Gaisuwa daga gida. Muna nan. Cikin bai ƙara kumbura ba tun zuwanmu na ƙarshe, idon ya ɗan washe, ko kuma ni ne nake son ganin haka. Likita ya ce a ci gaba da zuwa. Na kwashe rufin tsohon ɗakin kaji na rufe na ƙofar madafi. Kwano ya ƙare, rabin lambu ko taɓa shi ban yi ba.

Tana zaune a gefena a kan doguwar kujera, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara.

"Gaya mata abinci ba gishiri abincin saniya ne. Gaya mata sandar ta mayar da ni tsohuwa a gaban 'yan zumunta. Ruwan ɗuminta kuma ba ya komai, kafin in kai ƙofa ya huce.

"Gaya mata ban sha ba. Shekaranjiya kana gona, gwiwar ta hana ni zama ta hana ni tsayuwa. Na fita, na sunkuya, na tsinko ganye biyu masu kyau. Ruwa na kan wuta. Na riƙe su har suka yi mini ƙaiƙayi a tafin hannu. Sannan na kai ramin taki. Dawowar ta fi tafiyar wuya.

"Ba zan yi mata alkawarin har abada ba, ban san gwiwar gobe ba. Na yi alkawarin har ta zo. In tana son ƙari, ta zo ta karɓa da kanta."

Ban san da labarin shekaranjiya ba sai yanzu da nake rubutawa.

Na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta ce in sa, kuma in tambaya ko kina cin abinci.

Ɗanki,
Ndirangu